Zuwa da Kai ko Aike? Koyar da Rubuta Manhajojin da ke Sadarwa ta Layin Saƙonni da Harshen Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda za a koyar da ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko dabarun rubuta manhajojin kwamfuta waɗanda ke sadarwa ta hannun wata manhaja ta tsakiya, wadda ke karɓar saƙo ta ajiye shi a layi har mai shi ya zo ya ɗauka. An ɗora nazarin a kan yanayin ɗaliban tsakiyar Jihar Jigawa, musamman Kafin Hausa da Dutse, inda ɗaukewar wuta da yankewar sabis ba baƙin abubuwa ba ne. Maƙalar ta yi iƙirarin cewa babbar wahalar mai koyo a wannan fanni ita ce gane lokacin da nauyin saƙo ke sauka daga wuyan wani ya hau wuyan wani, kuma Hausa tana da wadatattun kalmomi na fatauci da amana da aike da za su iya ɗaukar wannan ma'ana. An gabatar da wasu keɓaɓɓun kalmomi tare da nuna inda kowace ta dace da inda ta gaza.

Fitilun Kalmomi: manhaja, layin saƙonni, fatoma, shaidar karɓa, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi aike. Karin maganar ta ginu ne a kan sanin halin ɗan aike: yana iya mantawa, yana iya shiririta a hanya, yana iya isar da rabin magana ya bar rabi. Sai dai wanda ya taɓa biyan kuɗin mota daga Kafin Hausa zuwa Dutse domin ganin wani jami'i, ya tarar ya yi tafiya, ya san cewa zuwa da kai ma yana da sharaɗi, wato a sami wanda aka je dominsa a daidai lokacin da aka je. Idan ba a same shi ba, wanda ya bar takarda a hannun amintacce ya fi wanda ya juyo da maganarsa a baki.

Haka lamarin yake tsakanin manhajojin kwamfuta. Hanya mafi sauƙi da ake fara koya wa ɗalibi ita ce manhaja ta kira wata kai-tsaye, ta tsaya tana jiran amsa. Wannan shi ne zuwa da kai, kuma yana bukatar manhajojin biyu da hanyar da ke tsakaninsu duk su kasance a raye a lokaci guda. Hanya ta biyu ita ce aike: manhaja ta miƙa saƙonta ga wata ta uku da ke tsakiya, ta ci gaba da harkokinta, mai saƙon kuma ya ɗauka sa'ad da ya sami dama. Wannan ta biyun ce maƙalar ta sa a gaba.

Ɗalibin Jigawa ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi kafin ya gane muhimmancin batun. A ranar 26 ga Oktoba, 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, kuma ƙarancin tsabar kuɗin da ya biyo baya a farkon 2023 ya tilasta wa jama'a komawa ga tiransfa da masu POS, har a kasuwannin ƙauye. Tambayoyin da aka riƙa yi a gaban teburin mai POS guda uku ne: Shin saƙon ya tafi? Shin ya isa? Idan aka sake turawa, za a cire kuɗin sau biyu? Duk abin da ake koyarwa a darasin layin saƙonni amsa ce ga waɗannan tambayoyi.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya shafi masu nazarin Hausa kai-tsaye. Jihar tana da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, kuma akasarin ɗaliban da ke karatun kwamfuta a cikinsu da Hausa suke tattauna darasi idan sun fito daga aji. Sabon tsarin manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Aikin da Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990, wato Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, ya share fage a ɓangaren harshe da adabi. A fannin kwamfuta kuwa, kalmomin da suka kama bakin jama'a, irin su manhaja da intanet da rumbun bayanai, sun tsaya ne a matakin mai amfani da na'ura. Matakin mai ƙera manhaja yana nan yana jiran masana harshe.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Bankuna da manyan kamfanoni ne suka fara jin ciwon wannan matsala, domin suna da kwamfutoci iri-iri da ba sa jin yaren juna. Kamfanin IBM ya fitar da MQSeries a 1993, Microsoft ya biyo baya da MSMQ a 1997. A 1999 Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper suka tsara ƙa'idar MQTT domin sa ido a kan bututun mai ta hanyar tauraron ɗan'adam, inda layin sadarwa ke da tsada kuma yake yawan yankewa. A 2003 John O'Hara na bankin JPMorgan Chase ya fara aikin AMQP a Landan, da nufin samar da buɗaɗɗiyar ƙa'ida wadda ba mallakar kamfani ɗaya ba. A kanta aka gina RabbitMQ, wadda ta fito a 2007. Kafka kuma a kamfanin LinkedIn aka ƙirƙire ta, aka sake ta ga jama'a a 2011. Littafin Gregor Hohpe da Bobby Woolf mai suna Enterprise Integration Patterns, na shekarar 2003, shi ya tattara yawancin sunayen da ake amfani da su a fannin har yau.

Abin lura a wannan tarihi shi ne cewa an ƙirƙiri fasahar ce domin wuraren da hanya ba ta da tabbas. Ɗalibin da ke zaune inda sabis ke zuwa yana komawa ya fi kusa da asalin matsalar fiye da wanda bai taɓa ganin an ɗauke wuta ba.

3.0 Sassan Tsarin da Sunayensu

Sassa biyu ba su da gardama. Manhajar da ke tura saƙo ita ce mai aike, wadda ke ɗauka ta yi aiki da shi ita ce mai karɓa. Gardamar tana kan na tsakiya.

3.1 Dillali ko Fatoma?

Kalmar da Ingilishi ke kiran manhajar tsakiya da ita daidai take da wadda ake kiran dillalin kasuwa da ita, don haka fassarar da za ta fara zuwa baki ita ce dillalin saƙo. Wannan fassara tana ɓatar da mai koyo. Dillali a kasuwar Maigatari ko ta Gujungu yana shiga cikin ciniki tsundum: yana duba dabba, yana taya farashi, yana rarrashin mai saye da mai sayarwa, sannan ya karɓi la'adarsa. Galibi ma sai ɓangarorin biyu suna cikin kasuwa yake da aiki. Manhajar tsakiya ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta buɗe saƙo ta ga abin da ke ciki, ba ta sauya shi, kuma babban amfaninta yana bayyana ne a lokacin da ɗaya ɓangaren ba ya nan.

Tsarin fataucin Hausawa yana da wani mutum da aikinsa ya fi kama da wannan, shi ne fatoma ko mai masauki, wanda a wasu zangunan ake kira mai gida. Shi ke saukar da fatake, ya adana musu kaya, ya riƙe amanarsu har mai saye ya samu, ko da shi falken ya wuce wani gari. Polly Hill a nazarinta na 1966 a kan kasuwar Kumasi, da Abner Cohen a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan, duk sun bambanta matsayin mai gida da na dillali a cinikin shanu. Wannan bambanci ne ake bukata a nan. Don haka maƙalar ta zaɓi fatoman saƙo, ko fatoma a taƙaice.

Ana iya cewa matasan yanzu ba su san kalmar ba. Gaskiya ne da yawa ba su san ta ba, amma hakan ba aibi ba ne ga keɓaɓɓiyar kalma. Kalmar da ta rage aiki a bakin jama'a ta fi sauƙin ɗaukar sabon kaya fiye da wadda ake amfani da ita kullum da wata ma'ana mai ƙarfi. Ita kanta kalmar manhaja da tsarin karatu aka san ta kafin ta ɗauki ma'anar da take da ita a wayoyin hannu, kuma ma'anonin biyu suna zaune lafiya, kamar yadda aka gani a gabatarwar wannan maƙala. Inda kwatancen ya gaza shi ne lamuni: fatoman kasuwa yana tsaya wa baƙonsa a kan bashi, na kwamfuta kuwa ba ya ɗaukar alhakin abin da mai karɓa ya yi da saƙo. Ya kamata malami ya faɗi wannan tun ranar farko.

3.2 Layi, Mararraba da Shela

Wurin da fatoma ke jera saƙonni shi ne layi, kuma kalmar ta zauna daram, domin kowa ya san layin banki da na gidan mai: wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. A RabbitMQ mai aike ba ya jefa saƙo cikin layi da kansa. Yana miƙa shi ne ga wani sashe da ke duba alamar da ke jikin saƙon ya yanke layin da zai shiga. Mararraba ta dace da wannan sashe, alamar kuma a kira ta alamar hanya. Wata mararrabar tana tura saƙo ga layin da sunansa ya yi daidai da alamar, wata tana kwafa shi ga duk layukan da ke ɗaure da ita, wata kuma tana bin tsarin kalmomin da ke cikin alamar.

Wanda ke kwafa saƙo ga kowa shi ne tushen salon da za a iya kira shela. A aike, saƙo ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka, da zarar ya ɗauka kuma ya fita daga layi. A shela, duk wanda ya yi rajistar sauraro yana samun nasa kwafin. Kalmar tana ɗauke da gargaɗinta a cikinta: wanda ba ya gari lokacin da sanƙira ya zaga bai ji ba, sai fa idan ya bar wanda zai riƙe masa labari. Haka mai sauraron da bai buɗe layi mai ɗorewa ba yake rasa duk abin da aka yi shelarsa yana kashe.

Kafka ba ta shiga ƙarƙashin kalmar layi yadda ya kamata. A can saƙo ba ya gushewa don an karanta shi. Ana rubuta shi ne a ƙarshen wani dogon jeri, ya zauna har wa'adin ajiya ya cika, wanda a tsarin asali kwana 7 ne, kowane mai karatu kuma yana riƙe da lambar inda ya tsaya. Wannan kundi ne, irin rajistar da kowa ke buɗewa ya sa alama a shafin da ya kai.

4.0 Darasin Amana

A ɗauki misalin wata jami'a mai manhajoji uku: ta karɓar kuɗin makaranta, ta rajistar kwasa-kwasai, da ta rabon ɗakunan kwana. Idan ɗalibi ya biya kuɗi, dole biyun nan na ƙarshe su sani. A tsarin zuwa da kai, manhajar kuɗi za ta kira ta rajista. Idan kwamfutar rajista tana kashe saboda man janareta ya ƙare, kiran ya faɗi, ɗalibin kuma zai wayi gari da rasit a hannu amma ƙofar rajista a rufe, wataƙila har wa'adi ya wuce a ɗora masa tarar makara. A tsarin aike, manhajar kuɗi za ta miƙa wa fatoma saƙo cewa ɗalibi mai lamba kaza ya biya, mararraba ta kwafa shi ga layin rajista da layin ɗakuna, kowace manhaja ta ɗauki nata idan ta farfaɗo.

Rubuta wannan da harshen Python, ta amfani da taskar umarni ta pika, bai wuce 'yan layuka ba: a buɗe hanya zuwa ga fatoma a ƙofa mai lamba 5672, a ayyana layi, a tura saƙo da basic_publish, a ɗaya ɓangaren kuma a saurara da basic_consume. Ɗalibi mai ƙwazo zai gama wannan a zama ɗaya, ya ga saƙonsa ya fito a ɗaya tagar, ya ɗauka ya iya. A nan ne darasin yake farawa, domin abin da ya rubuta yana aiki ne kawai muddin babu abin da ya lalace.

4.1 Wurare Uku da Saƙo ke Ɓata

Saƙo yana canza hannu sau biyu, yana kuma zama wuri ɗaya, kuma a kowanne yana iya salwanta. Na farko tsakanin mai aike da fatoma: an tura, hanya ta yanke, mai aike bai sani ba. Maganinsa shi ne mai aike ya nemi fatoma ya tabbatar masa cewa ya karɓa, kada kuma ya ɗauki saƙon a matsayin wanda ya tafi sai tabbacin ya zo. Wanda ya ba direba saƙo a tasha ba ya juyawa sai ya ga an sa kayan a mota, ya kuma karɓi lambar wayar direban.

Na biyu a hannun fatoma kansa. Idan a ƙwaƙwalwar wucin-gadi ta kwamfuta yake riƙe da saƙonni, ɗaukewar wuta za ta share su. A RabbitMQ abubuwa biyu ake bukata, kuma masu koyo kan yi ɗaya su manta ɗaya: a ayyana layin a matsayin mai ɗorewa, sannan a yi wa kowane saƙo alamar a rubuta shi a faifai. Layi mai ɗorewa da saƙonni marasa alama tamkar rumbu ne da zai tsaya bayan gobara amma babu hatsi a ciki.

Na uku shi ne mafi muhimmanci, wato tsakanin fatoma da mai karɓa.

4.2 Shaidar Karɓa

Yaushe fatoma zai goge saƙo daga layi? Idan ya goge da zarar ya miƙa, sai mai karɓa ya mutu kafin ya gama aiki, saƙon ya tafi ke nan, ɗalibin misalinmu kuma babu wanda zai san ya biya. Saboda haka ake sa fatoma ya ci gaba da riƙe saƙon har mai karɓa ya aiko da shaidar karɓa, wadda a pika ake aikawa da basic_ack. Idan hanyar mai karɓa ta yanke ba tare da shaidar ta zo ba, fatoma zai mayar da saƙon layi ya ba wani, ko ya sake ba shi idan ya dawo.

Hausa tana bambanta matakan nan da kyau fiye da yadda ake zato. Akwai “ya iso”, akwai “na karɓa”, akwai “na aiwatar”. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a aika shaida a matakin “ya iso”, alhali matakin “na aiwatar” ake nufi. Tsarin da ya dace shi ne mai karɓa ya ɗauki saƙo, ya buɗe wa ɗalibi rajista a rumbun bayanai, ya tabbatar rubutun ya zauna, sannan ya aika shaida. Malamin da ya sa ɗalibansa suka furta waɗannan jimloli uku, suka nuna layin umarnin da kowace ta dace da shi, ya gama rabin aikinsa.

4.3 Maimai Ba Ƙari

Wannan gyara yana haifar da sabuwar matsala. A ce mai karɓa ya gama aiki, ya aika shaida, amma shaidar ta ɓata a hanya. Fatoma bai ji komai ba, don haka zai sake miƙa saƙon, a yi aikin sau biyu. Ba sakacin masu ƙera manhaja ne ya jawo haka ba. Tun 1975 masana suka nuna cewa ɓangarori biyu da ke sadarwa ta hanyar da saƙo ke iya ɓata ba za su taɓa samun cikakken yaƙini a kan matsayin juna ba, komai yawan shaidar da suka aika wa juna, domin ita ma shaidar ƙarshe tana bukatar tata shaidar. Jim Gray ne ya yi wa matsalar laƙabi da ta janar-janar biyu a 1978. Zaɓin da ya rage shi ne tsakanin isarwa sau ɗaya ko babu, inda saƙo ke iya ɓata, da isarwa aƙalla sau ɗaya, inda saƙo ke iya maimaituwa. A harkar kuɗi na biyun ake ɗauka, sannan a koya wa mai karɓa yadda zai jure maimaici.

Siffar aikin da maimaita shi ba ya sauya sakamako ita ce maƙalar ta kira maimai ba ƙari. Kulle ƙofa sau biyu bai fi kulle ta sau ɗaya ba, amma zuba mudun gero sau biyu a buhu ya zama mudu biyu. Uwar adashi ta daɗe da sanin maganin: tana da littafi, kowane zubi da sunan mai shi da ranarsa. Idan yaro ya dawo karo na biyu ya ce an aiko shi ya faɗa cewa an yi zubin yau, za ta duba littafi ta ga ta riga ta rubuta, ta ce masa ta ji, ba tare da ta sake rubutawa ba. A manhaja, mai aike zai ba kowane saƙo lamba wadda babu mai irinta. Mai karɓa zai ajiye lambobin da ya gama da su, kuma ya rubuta lambar tare da aikin a dunƙule guda, ta yadda ko dai duka biyun su zauna ko kuma babu wanda zai zauna. Idan lamba ta sake zuwa, sai ya aika shaida ya wuce.

Akwai wani ɓangare na wannan da ya shafi nahawu. Saƙon da aka gina da sigar umarni, kamar “a ƙara Naira 50,000 a asusun wane”, yana da haɗari idan ya maimaitu. Wanda aka gina da shuɗaɗɗen lokaci, kamar “an biya kuɗin zango na farko na wane, rasit mai lamba kaza”, labari ne, kuma jin labari sau biyu ba ya sauya abin da ya faru. Ɗalibin da ya san bambancin “a biya” da “an biya” yana da makamin da zai tantance saƙonninsa da shi tun kafin ya taɓa kwamfuta.

4.4 Gagararren Saƙo da Layin Cigiya

Wani saƙon ba zai taɓa aiwatuwa ba, misali idan lambar ɗalibin da ke cikinsa babu ita a rajista. Mai karɓa zai gwada ya kasa, fatoma ya mayar da shi layi, ya sake gwadawa ya kasa, haka nan ba iyaka, sauran saƙonni kuma suna jira. Wannan gagararren saƙo ne. Ana ƙayyade yawan gwaji, idan ya cika a karkatar da shi zuwa wani layi na daban inda ɗan'adam zai duba. Sunan Ingilishi na wannan layi daga gidan waya ya samo asali, kuma yana nuni ga wasiƙar da ta mutu. Layin cigiya ya fi dacewa, domin abin da ake cigiyarsa ana sa ran samun mai shi, kuma sunan yana tuna wa ma'aikaci cewa akwai ɗalibi a bayan kowane saƙo da ke kwance a wurin.

5.0 Lissafin Cunkoso

Masu koyo kan ɗauka cewa layi yana ƙara sauri. Lissafi kaɗan ya isa ya gyara wannan fahimta. A ce a ranar ƙarshe ta rajista saƙonni 120 ke shigowa a minti ɗaya, mai karɓa guda kuma 40 yake iya gamawa. Layin zai riƙa ƙaruwa da 80 kowane minti, cikin rabin awa ya tara 2,400. Idan aka ƙara masu karɓa suka zama uku, tarin zai daina ƙaruwa amma ba zai ragu ba. Da huɗu zai riƙa raguwa da 40 a minti, wato sai an yi awa guda kafin ya ƙare. Abin da layi ya yi shi ne hana saƙonni zubewa a lokacin turmutsitsi. Ƙa'idar da John Little ya tabbatar a 1961 ta ba da hanyar auna wannan: matsakaicin adadin da ke cikin tsari daidai yake da yawan masu shigowa a minti sau matsakaicin mintunan da kowane ke yi a ciki. Idan 120 ke shigowa, kowane kuma yana yin minti 5, to a kowane lokaci akwai kimanin 600 a ciki.

Ƙara masu karɓa yana da farashi: jerin saƙonni na iya hargitsewa. Idan saƙon “an biya” ya faɗa hannun mai karɓa mai nawa, na “an soke biya” kuma ya faɗa hannun mai sauri, na biyun zai riga na farko aiwatuwa. A nan ma kalmar layi ta yi alkawarin da ba kullum take cikawa ba, kuma dole a faɗa wa ɗalibi cewa fita daga layi bi da bi ba ya nufin gama aiki bi da bi.

6.0 Gwaji a Cikin Aji

Duk abin da aka ambata ana iya gwada shi a kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya ba tare da intanet ba, da zarar an sauke RabbitMQ ko Mosquitto, wadda ita ce ƙaramin fatoma na ƙa'idar MQTT. RabbitMQ tana da shafin dubawa a ƙofa mai lamba 15672 inda ɗalibi zai ga layi yana cika yana raguwa da idonsa. Gwajin da ya fi koyarwa shi ne na ɓarna da gangan: a tura saƙonni 100 masu lamba, a kashe mai karɓa a tsakiyar aiki, a kunna shi, a ƙirga nawa suka ɓata, nawa suka maimaitu. Sai a sake, wannan karon a kashe fatoma. Kowane ɗalibi ya rubuta da Hausa a hannun wa amanar take a daidai lokacin da aka kashe, kafin ya duba sakamako.

Aikin ƙarshen zango kuma ana iya ɗauko shi daga ƙasar Haɗeja. Kogin Haɗeja, wanda madatsun Tiga da Challawa da ke Jihar Kano ke sarrafa ruwansa, yana ratsa tsakiyar Jigawa, kuma ambaliyar 2022 ta yi ɓarna mai yawa a ƙananan hukumomin da ke bakinsa. Ɗalibai za su kwaikwayi na'urorin auna tsayin ruwa a wurare uku, a ce Ringim da Auyo da Haɗeja, kowace tana shelar awonta ta MQTT ƙarƙashin take irin jigawa/kogi/ringim/tsayi. MQTT tana da matakan isarwa uku, 0 da 1 da 2, kuma ɗalibi zai kare zaɓinsa: awon da ake aikawa kowane minti ba ya bukatar tabbaci tunda wani na tafe, amma gargaɗin cewa ruwa ya haura iyaka dole ya isa ko da zai maimaitu.

A wannan aiki ne za su haɗu da kalmar da ba ta bukatar a ƙirƙira mata komai. MQTT tana ba na'ura damar barin saƙo a wurin fatoma tun lokacin da ta fara haɗuwa da shi, da sharaɗin kada a yi shelarsa sai idan ta yanke ba tare da sallama ba. Idan ta yi sallama yadda ya kamata, fatoma zai watsar da saƙon. Wannan wasiyya ce, kuma haka masu ƙa'idar suka kira ta a nasu harshen. Amfaninta a bakin kogi a fili yake: na'urar da ruwa ya ci ba za ta iya cewa ruwa ya ci ta ba, kuma shirunta zai iya kama da zaman lafiya a idon mai dubawa a Dutse. Ɗalibin zai rubuta wasiyyar na'urar Auyo, ya zare mata waya, ya auna daƙiƙa nawa suka wuce kafin fatoma ya yi shelar cewa ta yanke, sannan ya rage tazarar bugun da take yi wa fatoma don nuna tana raye, ya sake aunawa.